Malam Ya Ce Kada Ta Nema

Yayana gyaran keken ɗinki yake yi, a wani shago da in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango da bango. A kan aikinsa ba a ja da shi. Amma da zarar mai biro a aljihu ya buɗe baki, shi ke nan, Yaya ya zama yaro. Aji uku ya yi a firamare, kuma abin yana cin sa har yau.

'Yarsa ta fari tun tana ƙarama take kwance masa kekunan mutane, shi ya sa muke ce mata Injiniya. Da ta shiga babbar sakandare sai sunan ya wuce wasa, don a lissafi babu mai kama ƙafarta.

A makarantarsu akwai malamin da aikinsa shi ne ba yara shawara kan shiga jami'a da neman tallafin karatu. Ofishinsa ɗan tsukuku ne, ga fanka mai ƙugi, ga hotunan jami'o'i a bango. Duk ƙarshen zango Yaya zai goge baƙin mai daga hannunsa, ya sa rigarsa ta kirki, ya je ya ɗosana a bakin kujera yana "to Malam, to Malam". In ya dawo gida ba ka jin komai sai "Malam ya ce". Har tsokanarsa nake yi: "Yaya, Malam ya ce a ci abinci yau, ko mu jira?"

A shekararta ta ƙarshe wani kamfani ya fito da tallafi: kuɗin makaranta, wurin kwana, littattafai, har a gama. Ɗalibi ɗaya za su ɗauka a makarantar, kuma sai uba ya sa hannu kafin a nema. Kowa ya san Yaya ba shi da ƙarfin kai ta jami'a in ba ta wannan hanya ba.

Ya tafi wurin Malam da murnarsa. Malam ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Tsakanina da kai, kada ta nema. Mutanen nan, yaro na yin tuntuɓe a jarrabawa ɗaya za su janye, su bar shi a tsakiyar hanya. 'Yarka 'yata ce. Akwai wani tallafin da ya fi wannan yana tafe, ka bar min komai."

Ina gidan lokacin da ya dawo ya faɗi abin da Malam ya ce. Injiniya ta ce, "Baba, na karanta sharuɗɗan, wallahi babu haka a ciki."

"Ke kin fi Malam sani ne?"

Ta roƙa, ta yi kuka, har ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya daka mata tsawar da ta sa ƙannenta suka ruga ɗaki. Na sa baki, ya ce ba ruwana. Haka wa'adin neman tallafin ya wuce.

Ranar yaye ɗalibai muna zaune a bayan zauren taro. Injiniya ta karɓi kyautar lissafi, ta koma ta karɓi ta kimiyya. Can sai shugaban makaranta ya ce akwai albishir: tallafin kamfanin nan ya faɗo kan ɗan malaminmu na shawara. Zaure ya ɗauki tafi. Na juya na ga Yaya shi ma yana tafawa, bai gane ba tukuna. Sai hannuwansa suka tsaya.

Ni da za a bar ni, a gaban jama'a zan wanke mutumin nan tas. Yaya ya hana ni. Ya jira aka watse, ya bi shi ofis, ni ina biye ina huci.

"Malam, wanda ka ce yana tafe fa?"

"Bana dai bai fito ba. Sai mu ga baɗi."

"Amma ɗanka ya nemi wancan."

Ko kunya babu, Malam ya ci gaba da haɗa jakarsa. "Haba, Mai Keke! Ni shawara na ba ka. Ai ba ni na hana ta ba, kai ne ubanta."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Shekara uku Yaya yana kai masa amana da hannu biyu, shi kuwa ashe hanya yake share wa ɗansa.

Injiniya tana tsaye a bakin ƙofar makaranta, rungume da kyaututtukanta. Ta ce, "Baba, me ya ce?"

Yaya ya kasa kallon ta.

"Ya ce ni na hana ki. Kuma ni ɗin ne."