Kwanon Maiɗakina Ya Dawo a Cike

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa shan shayi a unguwar Hausawa ta New Bell zai gane ni kafin ya kai layi na uku, domin a 'yan shekarun baya babu mai tumbi irin nawa daga nan har bakin teku. Ni ne mutumin da tumbinsa ke shiga masallaci ya kama masa sahu shi yana can bai gama alwala ba. 'Yan benskin, masu babur ɗin hayar nan, in suka hango na ɗaga hannu sai su tuna ba su da mai. Tela in zai auna ni sai ya yi sallama da iyalinsa, don zagayen da nisa. A nan Douala aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, ina aiki a wani biro, wato ofis, na fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, amma sana'ar da aka fi sanina da ita ita ce ba mutane dariya. Ni nake fara tsokanar kaina kafin wani ya riga ni, kuma na ɗauka mai irin wannan baki ba ya cutar da kowa.

Mu a layinmu har yau ba mu bar ciyayya ba. Bayan Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar wani dattijo, a ci tare. Ƙa'idar da muka gada ita ce mai kwano shi ke buɗe kwanonsa, ya yi bismillah, ya kai lomar farko, sannan sauran hannuwa su biyo baya. Kwanon gidana shi ke fara ƙarewa kullum, har ana sa masa wawa kamar ganima. Maiɗakina 'yar Ngaoundéré ce, ba ta da kowa a Douala sai ni da 'ya'yanmu, amma hannunta ya saya mata dangi. Miyar kukarta kan sa mai takaba murmushi, ndolen da ta koya a nan kuwa, miyar shuwakar mutanen Douala, ya fi na waɗanda suka koya mata. Duk bikin da za a yi a unguwa, suna ko aure, ita ake damƙa wa babbar tukunya.

Abin ya faro ne a wajen wani suna. Na zauna a kujerar roba, kujerar ta yi salati ta baje, na tafi da baya ƙafafu a sama kamar kunkurun da aka kifar. Wani ya ɗauka a waya, kafin La'asar har 'yan uwanmu na Garoua sun gani. Na fi kowa dariya, na ce kujerar ce ba ta yi karin kumallo ba, amma a raina abin ya zauna kamar ƙaya. Dama likita ya daɗe yana yi mini faɗa a kan hawan jini. Sai wani abokin aikina ya ba ni labarin azumin Turawa, wai ka ci abinci daga hantsi zuwa La'asar, daga nan ka kulle baki sai ruwa har gobe. Na ce ai wannan wasan yara ne ga wanda ya saba da Ramadan. Ashe na manta a Ramadan da Magariba ake buɗe baki, a wannan kuwa da Magariba ake fara shan wuya. Da an buɗe kwanoni ƙamshi ya bugi hancina sai niyya ta kama gabanta.

A cunkoson mahaɗar Ndokoti na haɗu da wani mai tallar magani. Yana ta zuba da Faransanci cewa ƙwayarsa ganye ce zalla, tana kashe yunwa kamar yadda ruwa ke kashe wuta. Kwalbar ba ta da sunan kamfani, sai hoton wata siririyar mace da ganye a ka. Na saya na jefa a aljihu ina waige-waige, kamar wanda ya sayi abin kunya. Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina. Yaya za a ji cewa sarkin cin layinmu, wanda ya yi shekaru yana yi wa masu rejim, wato masu rage ci don rage ƙiba, dariya yana ce musu 'yan gudun hijira daga akushi, shi ma ya shiga sahu? Gara a ce na yi sata.

Ƙwayar ta yi aiki, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Yunwa ta ɗauke ɗif. Na fara da tsallake abincin dare, sai na ga ai na rana ma ba na bukatarsa, sai ya zama kofi baƙi da ƙwaya su ne abincina, in na matsa na ci ayaba ɗaya. Wando ya fara neman ƙasa. Amma bakina kullum a bushe, zuciyata na bugawa kamar ana sakwara a ƙirjina, barci ya yi ƙaura, ga saurin fushi da ban san ina da shi ba. Maiɗakina ta shiga damuwa. Kun san a gidan Bahaushe miji ya ture abincin matarsa ba ƙaramar magana ba ce, sanarwar yaƙi ce. Ta tambaye ni ko ta yi mini laifi, na ce babu. Ta dinga tafiya har kasuwar Marché Dakar a ƙafa cikin ruwan sama tana zaɓo kifi da nama, ta yi dambu, ta yi farfesu, ta yi abin da ta san ko a makara nake zan tashi in ci. In ta ajiye sai in buɗe in rufe, in ce ta ɗauke mini wannan maiƙon daga gabana.

A wajen ciyayya na yi ta kawo uzuri, yau ciwon haƙori, gobe an ciyar da mu a biro. Ina buɗe kwano in tura tsakiya ba tare da na sa hannu ba. Rannan dattijon da muke zama a ƙofarsa ya dube ni ya ce shi fa bai taɓa ganin mai kwano ya ƙi lomar farko ba, me ya shiga tsakanina da tuwon gidana? Duk ido ya dawo kaina. Da na ce magani nake sha, da an yi mini dariya ta mako guda an wuce wurin. Amma bakin da ya saba da tafi ba ya son ya sha kaye. Sai na gyara zama, na rage murya kamar mai tsoron a ji, na ce ai tun ranar da na gaya wa Hajiya in na mutu gidan nan nata ne, miyarta ta canza ɗanɗano, kuma kwanan nan na ga tana auna tsawona da ido kamar mai yankan likkafani. Aka fashe da dariya har wani ya ƙware. Na ji daɗin kaina. Sai da aka tashi na lura babu wanda ya taɓa kwanon. Ya koma gida a cike, miyar ta yi sanyi ta kama fata a sama.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Wasan da na yi a kan tabarma ya shiga gidaje, ya fito da ƙafafu da rawani. Ga shaida kuma tana yawo a titi, wato ni, mutumin da a da yake tare hanya yanzu iska na kaɗa shi a cikin riga, ido ya faɗa. Mata suka sa wa maiɗakina suna mai barbaɗe. Aka hana yara shan ruwa a gidanmu. Aka yi wani aure a layin bayanmu, ta ɗaura zaninta ta tafi da muciyarta kamar yadda ta saba, uwar biki ta tare ta a bakin madafa da fara'a ta ce ta je ta huta, hannuwa sun isa, ta kuma sa aka ja mata kujera can nesa da tukwane. Ta dawo ta ajiye muciyar a bayan ƙofa. Duk wannan na sani. Ina ji ina gani na yi shiru, domin a biro ana ta yaba mini wai na koma saurayi, ni kuma ina ce wa raina bari in ƙara sauke kaɗan, sannan in fito in ba su labarin a yi dariya gaba ɗaya.

Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta jira wannan rana ba. Ta zo da hantsin wata Asabar da mata biyu a bayanta, ko sallamar kirki babu. Suka shiga madafa suka zazzage komai a tsakar gida, daddawa, kanwa, citta, garin kuka, suna shinshinawa suna jinjina kai. Suka sami wani ƙullin busasshen ganye da mahaifiyar maiɗakina ta aiko mata don miya, suka ɗaga shi sama kamar an kama ɓarawo. Sannan yayata ta sa aka ɗauko kwanon da aka zuba mini, ta dire a gabanta, ta ce in tana da gaskiya ta cinye shi tas a gaban jama'a. Maƙwabta sun cika ƙofa, wasu a kan katanga, 'ya'yanmu na tsaye. Maiɗakina ta zauna a ƙasa ta ci. Tana ci hawaye na zuba a cikin miyar, yayata na cewa ta ƙara loma, ai mai abu ya san makarinsa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ɗaki, kwalbar tana cikin aljihuna, hannuna na kanta. Da ta gama ta ɗago ta dube ni ta ce, Alhaji, kai ma ka yarda? Abin da ya fito daga bakina shi ne a bar maganar haka nan, a bar wa Allah.

Maiɗakina ba ta ƙara kwana biyu ba ta hau mota zuwa Yaoundé, daga can ta bi jirgin ƙasa zuwa garinsu. Yayata ta karɓi girki, nata ma na ƙi ci, sai aka ce ai asirin mai cin dogon zango ne, daga arewa ake turo shi. Aka yi ta ɗura mini rubutu da jiƙe-jiƙe a kan cikin da babu komai sai kofi da ƙwaya. Ƙarshen tika-tika, wata rana da tsakar rana ina bayan benskin a Ndokoti, ba nisa da inda na sayi masifar, na ga motoci sun fara juyawa sama. Na farka a asibiti da ƙarin ruwa a hannu da goshi a ɗinke. Ma'aikatan sun zazzage aljihuna, kuma likita ya riga ya nuna wa yayata kwalbar. Ya ce ba wanda ya san me aka cusa a ciki, amma irin waɗannan sukan zaburar da zuciya su ɗaga jini, ga shi na haɗa da yunwa da kofi a kan hawan jinin da nake da shi. Ya ce in gode wa Allah da na faɗi a kan kwalta, ba a cikin kabari ba. Yayata ta juya kwalbar a hannu ta daɗe, sannan ta ce ai dama su ba su ce lallai ita ce ba.

Da na warke na je kan tabarma na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, ba ƙari ba gishiri, karo na farko a rayuwata. Kun san me suka yi? Dariya. Suka ce wannan ya fi labarin kujera, suka sa mini suna Alhaji Rejim. Babu wanda ya tashi ya ce a je a ba baiwar Allah haƙuri. Har yau akwai matan da ke cewa ruwa ba ya tsami banza, wai wa ya sani ko ita ta sa aka saka mini kwalbar a aljihu. Ƙaryar da na yi cikin numfashi ɗaya an haɗiye ta ba ruwa, gaskiyar kuwa na bi gida-gida da ita an ce barkwanci ne.

Na je Ngaoundéré na durƙusa a gaban kawun maiɗakina, gwiwoyin da dama ba su da sauran nama. Ta dawo, amma ta faɗa a gabansa cewa don 'ya'yanta ta dawo. Kwanon gidana bai sake fita ciyayya ba, muciyar nan tana bayan ƙofa inda ta ajiye ta, ko bikin wa ake yi.

Don haka nake jan kunnen 'yan uwana masu tumbi da masu son rage shi. In za ku yi azumin Turawa ku fara da likita, musamman mai hawan jini ko ciwon suga, kada ku sayi ƙwayar da ba ta da uba a bakin titi. Yunwa 'yar aike ce, in ka kashe ɗan aike saƙon bai fasa zama gaskiya ba. Kuma duk abin da za ka sa a cikinka, wadda ke dafa maka ta fi kowa haƙƙin sani. Ku kuma 'yan uwana masu baki, ku yi wasa da tumbinku, ku yi da sanƙonku, amma kada ku sa sunan wanda ba ya wurin a cikin wasa, balle wadda ba ta da dangin da za su tsaya mata.

Tumbina ya dawo, har da riba, 'yan benskin sun koma guduna. Maiɗakina tana yi mini girki kamar da, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai dai kullum in ta ajiye mini abinci sai ta durƙusa, ta buɗe kwanon, ta yi bismillah, ta kai lomar farko bakinta ina kallo, ta haɗiye, ta ɗan jira, sannan ta turo mini. Na roƙe ta ta daina, na haɗa ta da Allah, na yi kuka. Ta ce ba komai Alhaji, don hankalin kowa ya kwanta ne.