Allurar Shadda

Ranar wata Laraba da hantsi, shekarar da na shiga aji huɗu, allurar Inna ta ɓace a tsakar gidanmu na Lambara. Muna tsinke ganyen albasa a gindin rumbu sai muka ji muryarta ta canza: "Kowa shi tsaya inda shike! Kak ku ɗaga ƙahwa!" Ƙanena Bello, mai rarrafe, yana zaune a gefen tabarmarta, bakinsa dumu-dumu da ƙasa, yana haɗiyar wani abu.

Inna ɗinkin hula take yi. Yawanci a kan saƙi take aiki, da allura mai dakushin baki wadda ko ka taka ba ta shiga. Takan ce, "Saƙi ba a huda shi, hanya aka nema mai tsakanin zare." Amma a makon nan shadda aka kawo mata, kuma dakusassar allura ɓarke shadda take yi. Shi ya sa ta aika aka sayo mata siririya daga kasuwar Bodinga, mai tsinin da ido da ƙyar yake kamawa. Ita ce ta faɗi daga gefen ɗankwalinta.

Muka tankaɗe ƙasar wurin da rariya, har ta ƙarƙashin murhu. Baba ya ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyonsa ya bi tsakar gida da shi. Ƙusoshi ya kamo da marfin kwalba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce allura in ta shiga jiki tafiya take yi a hankali, sai ta iske zuciya. Wallahi na tsani matar nan ranar. Aka kai Bello asibitin Shagari, daga can Sakkwato, hoto bai nuna komai ba. Inna ba ta yarda ba. "Abin da ka tahiya, ina hoto zai same shi?"

Ta mayar da shaddar ba a gama ba, ba ta kuma sake karɓar irinta ba.

Yanzu injin ke zuba aiki a kan kowane yadi, allura ta karye a cire a yar, ba mai ko dubawa. Bello ya girma, yana noman albasa, har da 'ya'yansa. Amma har Inna ta rasu, duk ranar da ya yi tari a gabanta sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta ɗora tafinta a ƙirjinsa tana saurare. Ba wanda ya sake ɗora masa hannu haka.