Yatsan Hamma Sa'idu a kan rimot

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sa'idu. Na so in bar ranar ta wuce da addu'a kamar yadda muka saba, amma bana an yi fim a kansa, kuma fim ɗin ya hana ni yin shiru.

Ga wanda bai san shi ba, mai gyaran talabijin ne a Jimeta, gajere mai tumbi, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. Ya rasu a ɗaya daga cikin bama-baman da suka tashi a garin a wancan lokacin. Ya fita sayen kayan gyara, bai dawo ba. Ya bar 'ya ɗaya, Fadi, tana da shekara huɗu. Uwarta ta sake aure, yarinyar kuma ta tashi a hannuna.

Kafin rasuwarsa, lokacin da garuruwan arewacin jiharmu suka faɗa hannun 'yan bindiga, gidanmu na cikin Yola ya cika da 'yan gudun hijira. Wasu dangi ne, wasu ko sunansu ba mu sani ba sai da suka kwana biyu. A cikinsu akwai Ya Falmata, dattijuwa 'yar Borno, wadda gudu biyu ta yi: daga garinsu zuwa Mubi, daga Mubi zuwa gidanmu. Ba ta koma ba, har yau tana tare da mu.

Hamma ya ga gidan ya yi tsit kamar gidan makoki, sai ya ɗauko wata talabijin da mai ita ya manta da ita a shago, ya kafa a tsakar gida bayan la'asar, wai a ɗan yi nishaɗi. Fim ɗin barkwanci ne, amma can tsakiya aka harba bindiga. Kafin ka ce me, tsakar gida ta watse. Yara sun shige ƙarƙashin gado, wata mata ta ɗauki jaririn da ba nata ba ta yi waje. Hamma ya kashe talabijin ɗin.

Daga nan bai sake sa wa kowa fim ba sai ya fara kallonsa shi kaɗai a shago, daga farko har ƙarshe. Ya haddace inda ake harbi, inda taya ke fashewa, har inda ake buga ƙofa da ƙarfi. In an zauna kallo, yana gefe da rimot a hannu, babban yatsansa a kan maɓallin sauti. Kafin ƙarar ta zo ya riga ya kashe ta, sai ya cike gurbin da bakinsa. "Wannan ɗan sanda ya ci wake ne jiya, ku yi haƙuri da shi," in ji shi, gida ya kwashe da dariya. Ya Falmata, wadda a lokacin ko abinci sai an lallashe ta, a gaban talabijin ɗin nan muka fara ganin haƙoranta.

Shekara biyu da suka wuce wasu samari suka zo daga Abuja da kyamarori, masu ladabi, har ƙasa suke gaisuwa. Suka ce labarin Hamma suke so duniya ta ji. Muka shimfiɗa musu tabarma, suka sha fura da nono, muka ba su labarin rimot ɗin nan tiryan-tiryan, suna ta gyaɗa kai.

Bana suka dawo da abin da suka yi. An ce har kyauta ya ciyo a ƙasar waje. Suka kama wani ɗakin taro a Jimeta, suka aiko mota aka kwashe mu, da mu da matan da suka taɓa zama a gidanmu, aka jera mu a sahun gaba, wai mu ne manyan baƙi. Aka kashe fitila. Abin da fim ɗin ya buɗe da shi ke nan: fashewar bam, ta manyan lasifiku, har kujera tana rawa.

Da na lalubo Ya Falmata, a ƙarƙashin kujera na same ta, ta rufe kanta da mayafi. "Sun zo kuma?" take tambayata. Mace mai jikoki, a ƙasa, cikin takalman mutane. Na ɗaga kai in nemi wanda zai rage sautin, sai na ga wani yaro da kyamara yana ɗaukar fuskokin matan da ke kuka. Daga baya na ga hoton a tallar fim ɗin.

Sauran fim ɗin kuwa duhu ne, da kyar kake gane fuskar mutum. Wani dogon saurayi siriri ne wai Hamma. Ba ya magana, ba ya cin abinci, aikinsa ya tsaya a bakin tafkin Njuwa yana kallon ruwa. Hamma da ko Njuwa ya je, cinikin kifi ya kai shi, kuma sai ya bar masunta suna riƙe da ciki don dariya. Babu talabijin a fim ɗin, babu rimot. Da na tambayi shugabansu dalili, ya ce dariya za ta rage wa labarin nauyi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tambayar da Fadi ta yi mini a mota: "Goggo, ashe Baba ba ya dariya ne?" Shekara goma ina ba ta labarinsa, fim ɗaya ya rushe shi. Ba ta tuna fuskarsa, hotonsa da muke da shi kuma na katin shaida ne, ya koɗe. Yanzu in ta rufe ido tana yi masa addu'a, dogon saurayin nan take gani. Ita ta faɗa mini da bakinta.

Ina yawan tunanin me Hamma zai ce da kallon yau. Kowa da wayarsa, kowa ya toshe kunne, ana dariya a ɗaki ɗaya amma kowa da abin da yake yi wa. Na san gajerun barkwancin nan za su burge shi, har ya dame mu da su. Finafinan baƙin cikin ma ba zai ce a daina ba, don abin ya faru, mu aka yi wa. Tambaya ɗaya zai yi wa samarin nan, wadda yake yi wa duk wanda ya kawo masa faifai: ka kalla tukun? Ka san wa zai zauna a gabansa? Sun san amsar. Su suka aiko motar.

Ya Falmata ta yi makonni ba ta yarda ta zauna inda talabijin take. Ranar Juma'ar da ta wuce Fadi ta lallaso ta, ta sa mata wani sabon fim na barkwanci, labarin wani ango da ya ɓata a hanyar ɗaurin aurensa. Ina daga gefe ina tsince shinkafa. Na lura yarinyar ba ta dariya, idonta na kan allo, rimot a hannunta. Ana dab da inda abokan ango za su fasa abin wasan wuta, sai sauti ya ɗauke. Fadi ta ce, "Ya Falmata, wannan ango ko akuya aka ba shi ya kai kasuwa sai ta dawo gida ta bar shi." Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ashe yarinyar ta riga ta kalle shi ita kaɗai a waya.

Ta juyo ta dube ni. "Goggo, haka yake yi?"

Na ce haka yake yi.

Wannan ba zai ciyo kyauta a ko'ina ba, kuma ban yafe wa masu kyamara ba. Fuskarsa dai sun tafi da ita, ban ga yadda zan karɓo wa 'yarsa ba. Abin da suka raina suka bari a tsakar gidanmu shi ne Hamma Sa'idu. Allah ya jiƙansa, ya sa inda yake babu ƙarar da za ta firgita kowa.