Ragowar Tuwon Malam

Shekarun baya, kafin Allah ya karɓi maigidana, wani ƙulli ya fito masa a wuya. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, ni ban yi boko ba.

Tela ne a Tudun Wada. Tun da aka kawo ni gidansa, bai taɓa cinye tuwonsa ba. Sai ya rage mini gefe guda, ya turo kwanon. Ko na ƙoshi sai na ci.

A asibiti suka yanki ɗan nama daga ƙullin, suka ce ciwon daji ne na kaluluwa, kuma sun ga wata ƙwayar cuta a ciki. Malam bai riƙe komai ba sai ƙwayar cutar. Daga ranar ya daina rage mini. Abin da ya saura sai ya haƙa rami bayan ɗaki ya binne. Ga mu gida ɗaya, amma kowa da kwanonsa, kowa da kusurwarsa. Nakan ci nawa ina hawaye.

Da muka koma, na tare likitar da ke duba shi a baranda. Da dabarata, na ce wata ƙawata ce ke tambaya ko ana ɗaukar ciwon nan a kwano.

Ta yi murmushi ta ce, “Mama, ki gaya wa ƙawar taki, kusan kowa na ɗauke da ƙwayar nan tun yarinta, tana kwance lafiya. A wasu kaɗan ne take rikita naman jiki, har sinadaran da ke aiki a cikinsa su wuce ƙa'ida. Su muke aunawa. Ciwon kansa ba a ɗaukarsa a kwano.”

Da yamma ya ci loma kaɗan, ya miƙe zai nufi ramin. Na riƙe kwanon.

“Ke, saki.”

“Malam, ƙwayar nan ina da tawa. Wataƙila ma ta girmi taka.”

Sai ya koma ya zauna. “To ki ci ta wancan gefen, nan na taɓa.”

Ta inda ya taɓa na fara.

Damina ɗaya muka ƙara tare. Ragowar kullum ƙaruwa take, ni kuwa ina cinyewa, don kada ya ga yadda cinsa ya ragu.

Allah ya jiƙansa. Har yau ba na iya cinye tuwo. Hannuna ne ke tsayawa da kansa, ya bar gefe guda, sai in rasa wanda zan tura wa kwanon.