Hancin Aro a Fagge

Komai na aikin nan zan iya mantawa da shi, ban da ranar da wake ya ƙone a gidan Hajiya Falmata, tana zaune dab da murhu ko juyawa ba ta yi ba. Ku da kuka shigo bana, ku matso ku ji. Ke Ladi, ajiye wayar nan, ba ƙafa gare ta ba.

Ni Saratu da kuke kira Shugaba, in na ba da baya ku murguɗa baki, da goyon fari na shigo wannan sito na Alhaji Bukar. 'Yar ƙauyen Zariya ce ni, aure ya kawo ni Sabon Garin Kano. Daga tsintar kajiji na fara, a kan tabarma kamar yadda kuke yanzu, aka ɗaga ni zuwa zaɓen ice, daga baya aka damƙa min masu zaɓe gaba ɗaya. Ga wanda bai san sana'ar ba, mu ba ma haɗa turare. Kayan haɗi muke nemowa mu sayar wa masu haɗawa. Kajiji daga fadamun gabas yake zuwa mana, sandal daga ƙetare. Farce kuwa, wato murfin bakin wani dodon koɗi na teku, ta Sudan da Chadi yake biyowa a buhu, yana ƙarnin da sai ka toshe hanci. Amma wannan abu mai ƙarni shi ke riƙe ƙamshin humra a jiki da tufa kwana da kwanaki. Ikon Allah ke nan.

A wancan lokaci muna da ƙa'ida. In sabon kaya ya sauka, ba a raba shi lamba ɗaya da lamba biyu sai an ƙulla samfuri an kai Fagge wurin Hajiya Falmata. Dattijuwa ce 'yar asalin Borno, amma a Kano ta yi aure ta haifi 'ya'yanta. Sai ta ɗora ɗan gutsure a kan garwashi, ta rufe ido, ta gaya maka ko icen ya tsufa, ko an shafa masa mai don a rufe aibinsa. Abin da ta faɗa shi Alhaji ke bi. Ni ce 'yar aiken, shekara da shekaru.

To, a shekarar da aka yi ciwon nan mai zazzaɓi da tari, ita ma ya kwantar da ita. Ta tashi, muka je barka. Bayan babbar Sallah sandal ya sauka, na ɗauki ƙulli biyu na hau a-daidaita da hantsi. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida, ta ɗora wake. Muka gaisa, ta jawo kaskon wuta, ta sa sandal, ta rufe ido kamar kullum. Ina ta jiran hukuncinta. Can na ji ƙauri ya turnuƙe gidan, wanda ko mai wucewa a lungu zai ji. Ni da bakina ba ya ajiye magana na ce, “Hajiya, waken nan fa ya kama.”

Ta buɗe ido, ta dubi tukunya, ta dube ni. Na tashi na sauke. Kafin in dawo ta ture kaskon gefe.

Ta ce, “Saratu, tun da na tashi daga ciwon nan, da sandal da karan dawa duk ɗaya ne a hancina. Ki gaya wa Bukar na ajiye aikin samfuri, ba zan sa shi ya sayar da kaya a kan ƙarya ba. Dalili kuwa ki bar shi a cikinki.”

Amma ashe ba wannan ne ke cin ta ba. An sa ranar auren jikarta Zara. A zuriyarsu amarya ba ta fita sai da humrar da babbar macen gida ta haɗa da hannunta, haɗin kuma ba a rubuce yake ba, a wurin mahaifiyarta ta koya, da hanci ake auna kowane mataki. 'Yarta Hajja Yagana, uwar amarya, malamar sakandare ce, karatu ya ɗauke ta, ba ta taɓa zama ta koya ba.

Ta ce, “In Yagana ta sani, tausayina zai sa ta je kasuwa ta sayo ta kwalba. Zara ce za ta zama ta farko a cikinmu da za ta shiga ɗakin miji da ƙamshin kowa da kowa. Ina raye fa, Saratu.”

Na ce, “To yanzu yaya za a yi, Hajiya?”

Ta ce, “Aron hancinki zan yi. Na zaɓe ki ne don ba ki iya kara ba, bakinki ya fi barkono.”

Ban gane yabo ne ko zagi ba, na dai ce to.

Da na koma sito na isar da saƙon, na kuma nemi Alhaji ya riƙa sakina da safe. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya tashi da kansa ya buɗe buhun farcen da yake ɓoyo, ya cika min leda, ya ɗora tsakiyar sandal mai nauyi a kai. Ya ce, “In Hajiya Falmata ce ta neme ki, je ki. Ki buɗe ido, abin da za ki gani can ba a koyar da shi a nan.” Bai tambayi dalili ba, har yau kuma ina zargin ya gane.

Muna fara aiki da zarar Hajja Yagana ta fita makaranta. Matakin farko wanke farce ne. A jiƙa, a kankare ragowar naman da ke manne a bayansa da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, a wanke da lemun tsami, a shanya. Kun sani in ƙarni ya rage ko kaɗan, humra ta lalace, ba kuma za ka gane ba sai ta kwana biyu a kwalba. Da muka shanya na sunsuna na ce ya fita tas. Hajiya ta ce in zauna. Ta jawo kujera 'yar tsugunno gaban faifan da muka shanya farcen a kai, ta zuba masa ido. Ba a jima ba ƙuda ya sauka, wani ya biyo shi.

Ta ce, “A mayar ruwa.”

Na ce, “Haba Hajiya, ni da kika ara fa na ce ya fita.”

Ta ce, “Hancinki ya wuni a cikin ƙarni, ya gaji. Ƙuda ba ya gajiya, ba ya kuma jin nauyin kowa.”

Raina ya ɓaci, don yatsuna duk sun tsage da lemun tsami, amma na mayar. Haka muka yi ta yi, wanki da shanya, har ranar da ƙuda ya zagaya faifan ya wuce abinsa wajen kwata. Na riƙe baki. Ni da nake taƙama da hanci, ga ni ƙuda ya fi ni.

Suya ta fi ba ni tsoro. A cikin yashi mai zafi ake soya farce har ya kumbura, in ya wuce kaɗan ya ƙone, ƙauri kuma ba ya fita. Kowa da hanci yake gane lokacin saukewa. Ita kuwa sai ta sa na yi shiru, ta karkatar da kunne ga kaskon tana juyawa da ludayin ƙarfe. Ni abin da nake ji kawai ƙas-ƙas ne. Ita tana jin lokacin da ƙarar ta sauya. Ta ce, “Sauke,” ta ɗauki guda da zafinsa ta matse tsakanin yatsu biyu, ya ruguje ya zama gari. Ko ɗaya bai ƙone ba.

Saura inda kunne da yatsa ba su da amfani. Aka daka farce da sandal da kanumfari da wasu abubuwa biyu da ta hana ni kallo, aka kwaɓa, aka shafe cikin tukunyar ƙasa da ƙullun, aka kife ta a kan hayaƙin ice. Hayaƙin ke dafa shi a hankali. Nan ne ta kafa min doka.

Ta ce, “Kada ki kuskura ki ce min da daɗi ko ba daɗi. Daɗi ba magana ba ce. In na ɗaga tukunya, ki sunsuna ki gaya min abin da ya zo miki a rai.”

Ɗagawar farko na ce ina jin ɗanyen ice, kamar shagon kafinta. Ta kife. Ta biyu na ce kanumfari ya fito yana faɗa da kowa. Ta gyaɗa kai ta ƙara garwashi. Rana ta take, gumi na zuba, na fara jin hayaƙi ya yi yawa. Na ce ta sauke kafin mu yi asarar farcen Alhaji da wahalar makonni. Ta ce da saura. Na ɗaga murya, na faɗa muku gaskiya, na ce ai ba ita ke ji ba, ni ke ji. Ta dube ni kawai, hannunta a kan tukunyar tana auna zafinta da tafi. Kunya ta rufe ni na ja bakina.

Da ta sake ɗagawa, na kai hanci, sai na rasa abin faɗa. Babu ice, babu kanumfari, babu hayaƙi, duk sun zama abu ɗaya. Na ce, “Hajiya, ban san me zan ce ba. Adakar kakata ce ta faɗo min, ranar da take buɗe ta ta ɗauko zanen zuwa coci.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi. In ya daina kama da kaya ya koma kama da mutum, ya nuna. Haka mahaifiyata ta ce min. Sauke.”

Aka kankare ƙullun, ta haɗa shi da ruwan turarukanta, tana aunawa da murfin kwalba da nauyin hannu, aka toshe, aka kai ƙarƙashin gado. Humra sai ta kwanta makonni kafin ta faɗi gaskiyarta. A makonnin nan ko abinci ba na jin daɗinsa. Ni dai na san tana da ƙamshi, amma ko ita ce humrar gidansu, wannan ban da ikon sani, ita ma ba ta da shi.

Ana saura kwanaki kaɗan biki ta aiko in zo da la'asar. Na tarar da ita a ɗaki da kwalbar a cinya. Hajja Yagana ta shigo daga makaranta, ko mayafi ba ta cire ba, ta durƙusa ta gai da mahaifiyarta. Hajiya ta miƙa mata kwalbar ta ce, “Ga ta Zara.” Muryarta lafiya lau, amma ina ganin gefen zaninta da ta damƙe.

Hajja Yagana ta buɗe, ta ɗiga a bayan hannu, ta kai hanci. Sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ta daɗe a haka, hawaye na bin fuskarta. Ta ce, “Iya, wallahi ita ce. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, da kika riƙe kaina kina shafa min a wuya. Ita ce sak.”

Hajiya ta saki zanin. Ta yi ajiyar zuciya, sannan a hankali ta ce, “To faɗa min yadda take, Yagana. Kada ki ce da daɗi.”

Hajja Yagana ta ɗago ta dubi uwarta, ta dube ni, ta sake duban uwarta. Ta ce, “Iya, tun yaushe?” Ni dai na tashi na fita tsakar gida, don abin da ya rage ba na bare ba ne. A bakin rijiya na tsaya na yi kukana.

Zara ta fita da humrar gidansu. Hancin Hajiya bai dawo ba har Allah ya karɓi abinsa. Amma hutun makaranta na zuwa, Hajja Yagana ta zo nan da kanta ta sayi farce, ta ce Iya ta ce a ba ta ɗanye, ita za ta kankare.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa nake muku faɗa in na ga kuna watsa kaya a buhu kamar tsakuwa. Mu a nan ƙarni muke gani da ƙura da tsagewar yatsu. Ba mu san gidan da kowane ƙulli zai shiga ba, ba mu san wa zai tuna da wa in ya ji shi ba. Na ga matar da ta ba da ƙarfinta duka ta haɗa abin da ta san ba za ta taɓa ji ba, don kawai jikarta ta ji. Tun daga ranar ban sake cewa sana'ar nan azabar hanci ce kawai ba, ban kuma sake barin farce mai nama ya wuce ta hannuna ba. Ku tashi, ga buhu can yana jiranku.