Ranar da Na Ce Mata Hoto Za Mu Ɗauka

Assalamu alaikum. A farkon shekarun saba'in ni matashiyar matar aure ce a Gyadi-Gyadi, mai 'ya ɗaya da bakin surutu, ina sana'ar alawar madara da gullisuwa a cikin gida. Maigidana direba ne, bai cika zama ba. 'Yar tawa mai shekara biyar ita ce mai ɗanɗana mini kowace tukunya, ni kuwa har alfahari nake yi, sai da haƙorinta na ciki ya yi kogo, kunci ya kumbura. Kanumfari da ruwan gishiri suka gaza, ya zama dole mu je wurin likitan haƙori.

Na san halinta, ko warin asibiti ta ji sai ta zille. Sai na yi dabarar da a lokacin nake ganin ta masu wayo ce, na ce mata hoto za mu je mu ɗauka, abin da ta daɗe tana roƙona. Na sa mata atamfar Sallah, na zizara mata kwalli, tana tafe tana shelanta wa maƙwabta. Da ta ga kujerar likita da fitila a samanta, har ɗankwali ta gyara, ta tambaye ni ko yanzu za ta yi murmushi. Ganin allura ne ya fargar da ita. Wata ma'aikaciya ta ce in riƙe ta, na cire mayafina na naɗe ta tamau kamar ƙunshin goro, na matse ƙafafunta da cinyoyina, wata ta danne kai. Tana ihu, amma ba likita take kallo ba, ni take kallo. Na dawo gida ina ba matan unguwa labari ina dariya, Allah ya yafe mini.

Tun daga nan ta tsani mai hoto. Babanta ya kawo shi gida ranar Sallah, ta shige ƙarƙashin gado. Haka muka tafi shekara shida, har muka koma Tarauni. A can na lura da gefe ɗaya take tauna, ta daina shan rake, gwangwanin kanumfarina kuma yana ƙarewa da wuri. Na san lissafinsa sarai, domin ni ma shekara guda ke nan ina ɓoye nawa ciwon, tsoron kujerar nan nake yi! Hankalina ya tashi, don wannan haƙorin girma ne, idan ya tafi ba zai dawo ba.

Na zaunar da ita na roƙi gafararta. Na gaya mata akwai allura, akwai zafi kaɗan, babu mai riƙe ta, kuma ni zan fara hawa. Ta ce za ta je, amma sai in ita za ta riƙe mayafina. Muna shiga ɗakin likita na miƙa mata. Jama'a, ni da na danne 'yar mutane, tun allura ba ta taɓa ni ba na dinga zabga salati, har likita ya ajiye kayan aiki yana dariya. Ita ce ta kama hannuna tana ce mini in yi haƙuri, ai ni babba ce. Aka cire nawa. Ta hau da ƙafarta, aka cike nata, bai fita ba. Daɗin da na ji ranar, ko ranar sunanta ban ji shi ba.

Muna fitowa ta ce to, yanzu sai mu je hoton da na yi mata alkawari. Muka je. Yana nan a bangona: ni kunci ya kumbura da auduga, ita ta yafa mayafina tana dariya.

Yau ta yi jikoki, har yanzu gumi take yi a gaban likitan haƙori, amma tana zuwa. Iyaye, ku gaya wa yaro gaskiya ko da zai yi kuka, ku lallashe shi, kada hannunku ya zama abin tsoronsa. Ni na ci sa'a, haƙori ya tsira, 'yata ta yafe. Amma duk wanda ya ce in nuna masa hotonta tana 'yar shekara bakwai ko takwas, babu, ni na hana.