Littattafan Zanen Nafisa Suka Dawo Min da Karatu

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da rubuta komai a nan. Ba fushi na yi ba, karatun ne ya ɓace min ɗungurungum.

A Cheetham Hill ta Manchester nake aiki, a wani sito na 'yan sari. Iyalina suna Sparkhill, sai ƙarshen mako nake hawa jirgin ƙasa in je Birmingham.

Wata Talata da safe direba ya miƙo min takardar kaya. Na duba, na sake dubawa. Baƙaƙen suna nan, amma ko ɗaya ban gane ba. Biro ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in yi magana, wani abu daban ya fito.

Abokin aikina ya kalli fuskata kawai ya kira motar asibiti.

Aka yi scan, wato hoton kai, aka ce jini ne ya daskare a ƙwaƙwalwa. Stroke, wato shanyewar ɓarin jiki. Shekara biyu kafin nan GP, likitan unguwarmu, ya rubuta min maganin hawan jini, ina sha ina bari. Ba zan ɓoye wannan ba.

Kwana goma sha tara na yi a asibiti a Manchester. Awon jini, awon haɗiya da cokalin ruwa, "ɗaga hannu, Malam Habibu, matse yatsana." Hannu ya fara dawowa, magana ma tana tahowa da ɗingishi. Karatu kuwa shiru.

Matata Hadiza ta kawo min Alƙur'ani. Fatiha ta fito daga bakina tsaf, amma na kasa nuna inda take a shafi. Ranar na juya fuska bango na yi kuka.

Na tambayi likita ko karatun zai dawo. Ta ce, "Ba zan yi maka alkawari ba. Amma ƙwaƙwalwa tana neman sabuwar hanya idan aka matsa mata kullum."

Kalmar "kullum" na riƙe.

Aka sallame ni na koma Sparkhill. Albashi ya ragu, kuɗin jirgin da Hadiza ta yi ta zirga-zirga da shi ya cinye ɗan ajiyarmu. Mai koyar da magana tana ba ni katuna masu hoton kyanwa da kofi. Ina yi, amma raina yana ɓaci.

Sai 'yata Nafisa, mai shekara goma sha shida, ta ajiye min wani littafi a cinya. Irin na zanen Japan ne da suke kira manga, waɗanda na sha yi mata faɗa a kansu.

Hausarta ta 'yan nan ce. Ta ce, "Abba, wannan daga dama ake buɗewa. Like allo ɗinka."

Na ce, "Na yara ne."

Ta ce, "Kyanwa da kofi fa?"

Na buɗe.

Labarin wani yaro ne da ya faɗa son wasan duwatsu baƙaƙe da farare a kan allo, kamar darar da muke yi a ƙasa a Fagge. Ana cinye shi, ya tashi ya dawo. Ban iya karanta ko kalma ba, amma fuskokin sun gaya min abin da ke faruwa. A akwatin zane na farko kalma biyu ce kawai. Minti ashirin na yi a kansu. Nafisa ta sa hannuwanta a ƙarƙashin cinya don kada ta taimake ni.

Da na furta su daidai, ta ruga kicin tana kiran Mamanta.

Muka sa doka: shafi ɗaya kullum bayan la'asar. Akwai ranar da na yi jifa da littafin. Ta ɗauko ta ce, "Yaron ma jiya aka cinye shi, Abba. Ci gaba."

Shafi ya zama biyar, biyar ya zama babi. A wata na shida na karanta Ƙulhuwallahu da yatsana a kan kowane baƙi. A wata na tara na koma aiki, kwana uku a mako. Wannan rubutun ma ni na yi shi, kwana huɗu ya ɗauke ni.

Da muka gama na yaron, muka nemi masu kama da shi. Sunayensu har yanzu harshena bai kama su ba, amma ku je laburaren unguwa ku ce kuna son manga na wasan allo. Ku nemi na darar Japan mai 'ya'yan katako, ya fi natsuwa, ya dace da ranar da zuciya ta yi nauyi. Akwai na wasan kati, inda 'yan makaranta ke haɗa ƙungiya, ga dariya. Akwai na chess ma, darar Turawa. Ku zaɓi wanda jaruminsa ke faɗuwa da yawa, mara lafiya ba ya son labarin wanda bai taɓa shan kaye ba. Iyaye ku leƙa ciki tukuna, ba kowanne ne na yara ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hadiza, da ma'aikatan jinya, da 'yan'uwan masallaci da suka yi ta kawo tuwo. Nafisa, Allah ya yi miki albarka.

Ku sha maganin hawan jininku. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta rikice, a kira motar asibiti nan take, kada a ce bari a gani.

In kuma kun ga mai furfura a bas ɗin Stratford Road ya duƙufa a littafin zane, ni ne. Ku yi min sallama, amma ku bari in kai ƙarshen shafi.